Tsautsayi ne, in ji mu

Daren bonane na bara, ƙanena, ɗan kawuna, yaro ɗan shekara tara, ya sayo fetar na dala biyar-biyar wurin mai tebur na bakin layinmu. Ya ƙyasta ashana ya kunna ɗaya, ya jefa, shiru. Ya ɗan jira, ya je ya ɗauko, ya kawo shi kusa da baki yana hura lagwanin kamar mai hura garwashi. A hannunsa ya tashi. Yau yatsu uku da rabi gare shi a hannun dama, da hagu yake koyon riƙe bik.

Kwana huɗu na yi ina jinyarsa a likita. Duk wanda ya shigo dubiya magana ɗaya ce a bakinsa: "Sannu, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Ni ma haka na riƙa amsawa, har da gyaɗa kai. Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne, cikin watan nan na Disamba na ci 16 bisa 20 a dabuwar ɗin fizik-shimi, a kan darasin oksidan da redikter. Na iya daidaita lissafin a tablo ido rufe. Amma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin cewa abin da mushe ke rubuta mana da alli shi ne ke ƙunshe cikin ɗan kwalin da yaron nan ya wuce da shi ta gabana ba, ina zaune a fada ina jiran shayi na biyu.

Ban zo gardama a kan ƙaddara ba, wannan fagen malamai ne. Da mu nake, mu ƴan lakwal, masu kaye da kalkileta. Kalmar tsautsayi ta zama abin da muke naɗe tabarmar kunya da ita. Ana cewa tsautsayi ga abin da ba wanda ya hango shi. Shi kuwa fashewar fetar a hannun yaro, an hango shi, an gwada shi, an auna shi, an rubuta shi fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Mu ne dai ba mu faɗa wa kowa ba.

Bari mu soma daga murhu. Wutar itace da iska take rayuwa. In ta kama zanen mace a madafa, sai a lulluɓe ta da bargo ko a watsa ƙasa, wutar ta rasa numfashi ta mutu. Kowace tsohuwa ta san wannan. Fetar ba haka yake ba, don da guzurin iskarsa yake tafe. Albarushi na asali abu uku ne: nitrat na potasiyom wajen kashi 75 cikin ɗari, gawayi 15, farar wuta 10. Gawayi da farar wuta su ne abin ci, nitrat shi ne mai ba da oksijin. To, wutar da ke ɗauke da iskarta a jiki, taka ta da takalmi ba ya kashe ta, rufe ta ba ya kashe ta. Lagwanin da ka ga kamar ya mutu, sau da yawa yana nan yana ci a hankali cikin takarda, inda ido ba ya gani. Shi ya sa masu wannan sana'a suka kafa ƙa'ida: wanda ya ƙi tashi, ba a kusantarsa sai bayan minti 15 zuwa 20, sannan a jiƙa shi cikin bokitin ruwa, kuma ba a sake kunna shi har abada. Magana ce ta numfashi ɗaya. Da na faɗa wa ƙanena ita, da yanzu da dama yake rubutu.

Kuma kada wani ya ce mini wannan ilimin Nasara ne. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun, a gida ake haɗa albarushi, a gida ake zuba igwa. Ƴan bindigar da ke tashin bindigogi ranar hawan salla da mafarautanmu sun san albarushi ba ya son zafi, ba ya son tartsatsi, kuma ba su barin yaro ya taɓa burgamin da yake ciki. Su da ba su shiga lakwal ba suna girmama shi. Mu da muka shiga, mun bar shi a tebur ɗaya da alewa da biskit.

Ga abin da ya fi muni. Fetar mai ƙara irin na yanzu, wanda ƴan Najeriya ke ce wa nokawut, galibi ba albarushin kakanni ke cikinsa ba. Garin aluminiyom ne mai laushi kamar kwalli, haɗe da wani gishiri mai ba da oksijin, irin su perkulorat. Wannan haɗin kafin ƙiftawar ido ya gama ci, don haka ko takarda ce kawai ta rufe shi, fashewa yake. Yaran da ke farke fetar biyar ko goma su tara garin cikin gwangwani ko kwalba don a ji ƙara har unguwar gaba, ba su san cewa gwangwanin da kwalbar su ne za su koma tsitstsinke masu shiga ido da ciki ba. Mu kuwa muna kallo muna dariya, wani ma har ya ɗauka a waya ya sa a WhatsApp.

Akwai wani gishirin, kulorat na potasiyom, da ya kamata kowane ɗan tarminal ya san tarihinsa, tunda sunayen da ke ciki duk mun haddace su don bak. Berthollet ne ya gano shi a Faransa. Ganin yadda yake sakin oksijin da sauƙi, aka ce bari a sa shi a madadin nitrat, a samu albarushi mai ƙarfi. A 1788 aka je gwaji a masana'antar albarushi ta Essonnes, Lavoisier kansa yana wurin. Ana cikin daka haɗin ya tashi, mutum biyu suka mutu. Ba wanda ya kawo wuta. Dakan kaɗai ya isa, don kulorat in ya haɗu da farar wuta, gogayya ko bugu kaɗan na iya tayar da shi. Ingila ta haramta haɗa su cikin kayan wasan wuta tun 1894. Amma kulorat yana da araha, shi ya sa bai ɓace ba. Ranar 10 ga Afrilu 2016, a wani wurin bauta na Puttingal a jihar Kerala ta Indiya, wasan wuta ya faɗa kan tarin kayan da aka ajiye, mutum fiye da 100 suka mutu, masu bincike kuma suka tarar da kulorat cikin kayan, alhali dokar ƙasar ta hana shi.

To mi ke cikin namu? Na ɗauki kwalin na juya gaba da baya. Rubutun Sin ne da ɗan Ingilishi, da hoton damisa. Na tambayi mai tebur, ya ce shi dai daga babbar kasuwa ya saro. Na tabbata wanda ya sayar masa ma cewa zai yi daga iyaka aka kawo.

A nan nake so ku ba ni hankalinku, don labarin da ya fi tayar mini da hankali a ƙasar masu doka da takardu ya faru. A Holan akwai wani gari, Enschede. Cikin unguwar Roombeek, tsakiyar gidajen mutane, akwai ma'ajiyar wani kamfanin kayan wasan wuta, da lasisinsa da komai. Ranar Asabar 13 ga Mayu 2000 da rana wuta ta kama a ciki. Ƴan kwana-kwana suka zo da natsuwarsu, jama'a suka tsaya kallon tartsatsi, don a takarda an ce kayan ba masu fashewa gaba ɗaya ba ne. Sai ga fashewa biyu a jere, ta biyun ta share unguwar. Mutum 23 suka mutu, huɗu cikinsu ƴan kwana-kwana ne, wajen 950 suka ji rauni, gidaje ɗaruruwa suka rushe ko suka ƙone.

Mi ya faru? Majalisar Ɗinkin Duniya tana da tsarin rarraba abubuwa masu fashewa. Rukunin 1.1 shi ne wanda in ɗaya ya tashi, duka tarin ke tashi a lokaci guda. Rukunin 1.3 gobara ce mai tsanani. Rukunin 1.4 shi ne mai ƙaramin haɗari, wanda ɓarnarsa ba ta cika wuce kwalinsa ba. Yawancin kayan Enschede an manna musu 1.4. Kwamitin bincike da Oosting ya jagoranta ya gano cewa da yawansu sun fi haka nauyi, har akwai na 1.1 a ciki, kuma an cusa su cikin kwantena da ɗakunan siminti kusa da juna, tan sama da 170. Abin takaicin, a 1991 wata ma'ajiyar ta fashe a garin Culemborg, masana suka yi gwaji suka ce alamar da ke kan kwalayen ba abin dogara ba ce. Rahoton ya kwanta cikin ofisoshi shekara tara. Bayan Enschede ne aka koma fili ana cinna wa kwantena cike da kaya wuta da gangan ana aunawa, aka tabbatar da abin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya ji: fetar ɗaya daban, kwali daban, kwantena a rufe kuma wani abu ne daban. In an tara su an rufe, zafi da matsi ba su da mafita, abin da zai yi tas-tas ɗaya bayan ɗaya sai ya tashi baki ɗaya. Turai ta gyara dokarta ta masana'antu masu haɗari a 2003 saboda wannan. Mutanen Holan ba su ce tsautsayi suka watse ba. Sun nemi wanda ya sa hannu a lasisi.

Yanzu ku rufe ido ku zagaya kasuwarku a makon ƙarshe na Disamba ko jajibirin salla. Ina kwalayen suke? Cikin shago mai rufin kwano, ba taga, da rana kamar tanda. Ko ƙarƙashin tebur, taku biyu daga kwalaben mai ruwa-ruwa, taku uku daga murhun mai shayi. Ga hunturu, iska ta bushe ƙayau, lokacin da in ka tuɓe rigar leda cikin duhu kana ganin ɗan tartsatsi yana ƙyas-ƙyas. Wannan tartsatsin da muke wasa da shi, a masana'antun kayan wuta tsoronsa ake ji, har tufafin auduga ake tilasta wa ma'aikata, don garin aluminiyom da ya zube ba ya bukatar fiye da haka. Kuma in wuta ta kama, mu da bokitin ruwa za mu ruga mu taru a bakin ƙofa, daidai inda bai kamata kowa ya tsaya ba. Ba sai mun je Turai neman misali ba. Ranar 26 ga Disamba 2012 ma'ajiyar irin waɗannan kaya ta tashi a unguwar kasuwar Jankara ta Legas, ta cinye gine-gine, mutane da yawa suka ji rauni. A tashar jiragen ruwa ta Beirut ma, a 2020, kayan wasan wuta suna cikin sito ɗaya da tan 2,750 na nitrat ɗin amoniyom da ya kashe mutum sama da 200. Gemun maƙwabta ya sha kamawa da wuta, namu ko ɗigon ruwa bai gani ba.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a fada. "Kai dai ka cika tsanani. Ɗan talaka ba shi da wani abin murna, ka bar shi da ɗan fetar ɗinsa. Su Turawan ba su yi ne?" Suna yi, har sun fi mu. Amma ku duba yadda suke yi. Dokar Tarayyar Turai ta raba kayan gida-gida: F1 ba a sayar wa wanda bai kai shekara 12 ba, F2 sai 16, F3 sai 18, F4 kuwa sai ƙwararre mai takarda. Kowane rukuni da tazararsa, mita 1, mita 8, mita 15, kuma a wannan tazarar ƙarar ba za ta wuce desibel 120 ba. Ba daga ka aka tsinko lambobin nan ba, gwaji ne ya ba da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ma 120 ta sa iyaka ga kunnen yaro a ƙara mai zuwa farat ɗaya, fetar a kusa kuwa yana iya wuce 140. Wanda aka jefa wa shi kusa da kunne don wasa, ƙarar nan da yake ji kamar kukan gyare kwana da kwanaki, alamar rauni ce a can ciki, kuma ƙananan gashin jin da suka mutu ba su sake tsirowa. Ƙanena da shekararsa tara, ko F1 ba za a miƙa masa ba a can. A nan, ɗan shekara biyar ma in ya kawo dala biyar ɗinsa an gama ciniki.

Har ɗan sandan nan mai feshin taurari, wanda muke ba ƙananan yara mata don "shi ba ya fashewa", bakinsa yana wuce digiri 1000. Ku je wurin masu zubin tukwane ku gani: aluminiyom a digiri 660 yake narkewa. Abin da ya fi narkakkiyar tukunya zafi muke miƙa wa yarinya mai sanye da rigar salla ta leda.

Batun hayaƙi ba zan cika baki a kansa ba, don mu da ke shaƙar ƙurar hunturu da hayaƙin bola kullum, na fetar ba shi ne babbar matsalarmu ba. Amma ku san launukan nan ƙarafa ne ke ci: ja daga sitironsiyom, kore daga baryom, rawaya daga sodiyom, shuɗi daga jan ƙarfe. Gishirin baryom mai narkewa guba ne. A Jamus hukumar muhalli ta ƙiyasta tan wajen 2,000 na ƙura mai laushi daga wasan wuta kowace shekara, akasarinta a daren sabuwar shekara. A Amurka masu bincike sun auna ruwan wani tafki a jihar Oklahoma bayan wasan wuta, suka ga perkulorat ya ninka, wani lokaci har sau dubu, kafin ya sauka cikin makonni. Perkulorat kuwa yana hana ƙwayar maƙogwaro ɗaukar aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo. Mai asma a gidanku ya riga ku sanin sauran bayanin.

Abin da ya burge ni shi ne, masanan da suka gano waɗannan illoli ba su tsaya ga tsinuwa ba. A 2011 Jesse Sabatini da abokan aikinsa a wani ɗakin bincike na sojan Amurka suka fitar da koren haske da sinadarin boron, ba baryom a ciki. A Munich, Thomas Klapötke ya shafe shekaru yana neman launuka marasa guba. A Indiya, bayan kotun ƙoli ta hana baryom a 2018, cibiyar NEERI ta fito da fetar masu rage hayaƙi da wajen kashi 30 cikin ɗari. Shi ya sa ban tare da masu cewa a hana kawai a huta. Ƴan sandan Najeriya kusan kowace shekara sai sun sanar da hana nokawut, kuma kowace shekara sai an ji shi. Hani na baki, wanda ba bincike a bayansa, ba mai bin sawu, abin da yake yi shi ne ya kori kwali daga kan tebur ya kai shi ƙarƙashin gado, cikin ɗakin da mata da yara ke kwana. Wanda zai hana, ya fara sanin mi ke shigowa, nawa ne, ina ake ajiye shi.

Wannan kuwa aikinmu ne. Muna da sashen kimiyya a jami'ar Abdou Moumouni, muna da shi a Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, muna da shi a Damagaram. Ƴan uwa masu neman abin rubuta memuwar, ga shi a bakin layi: a nemi izini a ƙirga yaran da aka kawo likita da ƙuna, da raunin ido, da na hannu, daga 24 ga Disamba zuwa 2 ga Janairu, da kwanakin salla biyu. A zagaya kasuwa ɗaya a rubuta shago nawa ke ajiye kwali, kusa da mi. A kai samfur labo, ƙarƙashin malami, a duba ko da kulorat a ciki. Na ce labo, na ce malami. Kada wani ya karanta wannan ya je ya farke fetar a ɗakinsa da reza wai shi Lavoisier, ku tuna yadda aka ƙare a Essonnes. In muka riƙe lamba a hannu, magajin gari zai saurare mu. In hayaniya kawai muka kai masa, zai ce yaran lakwal ne sun sake tashi.

Kafin nan, akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa. Ƙuna, ruwa mai sanyi ake zuba mata na minti 20, ba ƙanƙara ba. Ba man goge baki, ba gishiri, ba ƙwai, ba baƙin mai. A cire zobe da warwaro kafin wurin ya kumbura, tufar da ta manne a bar ta, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi likita. In ido ne, kada a murza, kada a ce za a ciro abin da ya shige, a kife ɗan kofi a kai a ɗaure sako-sako a ruga. Ranar da abin ya sami ƙanena, kafin in iso an riga an shafe hannun da man goge baki da toka, sai da ma'aikaciyar jinya ta ɓata lokaci tana wankewa yana ihu. Wadda ta shafa ɗin gwaggonmu ce, don ƙauna ta yi, kuma ɗanta na aji ɗaya da ni.

Makon jiya na koma wurin mai teburin. Dattijo ne, ya san babana, ban je da faɗa ba. Na gaishe shi, na zauna a benci, na yi masa bayanin wutar da ke tafe da iskarta, da kwali, da kwalaben mai da ke gefensa. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ɗana, na ji. Wallahi abin yaron nan ya dame ni. Amma riba tai ta hi ta alewa sau ukku. In na bari, wancan na gaba shina saidawa. Ni mi za ni ci?"

Na ce, "Baba, ban ce ka bari yau ba. Ka raba shi da man nan, ka fitar da shi daga rana, kuma kada ka ba yaron da bai kai ya yi azumi ba."

Ya yi shiru, ya tashi ya ja tsohon kwalin da ya rage tun salla ya kai shi gindin bedi, nesa da kwalaben. Maganar yara kuwa bai amsa mini ba. Ya ce sabon kaya na zuwa farkon Disamba.